Ranar da Na Tsayar da Gurmin Ɗan Jiniya

Ni ban tsufa ba, ko furfura ɗaya ba ni da ita, amma duniyar da na tashi a cikinta ta riga ni tsufa, har an binne ta ina tsaye ina kallo. In na ce wa yaran layinmu da ba mu san agogo ba, jiniyar masaƙa ce agogonmu, sai su zuba mini ido kamar mai tatsuniya. Alhali jiya-jiya ne. A bayan Bompai aka haife ni, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere, kowane ɗaki da ma'aikacinsa, wannan daga Gumel, wancan daga Damagaram, wasu daga ƙauyukan nan na kusa. Kafin jiniyar asuba ta yi kuka Inna ta hura wuta. In ta rana ta yi, langar tuwo tana kaina, ina sauri kada miyar Baba ta huce. Titin sai ya cika maƙil da kekuna, ƙararrawa ta ko'ina, maza suna fitowa da farar auduga a gashi da gira, saurayi da dattijo duk sun zama masu furfura. Mai ƙosai ta san nata, mai fura ta san nata, ba ciniki, miƙawa kawai ake yi. Yanzu in ka bi ta wurin, ciyawa ce ta kai gwiwa a bakin ƙofar, tantabaru sun gaji rufin, wani ɓangaren kuma an mai da shi ma'ajiyar atamfar da ake shigowa da ita daga wata ƙasa. Shirun wurin ma tsoro yake ba ni.

Abin da injin saƙa ke fara ci a jikin mutum kunne ne. Baba ya ce a cikin zauren nan ko ihu ka yi a kunnen na kusa da kai, bakinka kawai zai ga yana motsi. Shi ya sa masaƙa suka koma magana da hannu da laɓɓa. Tun ina ƙarama kunnen Baba ya yi nisa. In Inna za ta yi masa magana sai ta taɓa kafaɗarsa, ta koma inda haske yake don ya ga bakinta. Mu yara kuwa muka kwashe maganar hannun nan kamar wasa. A shafa haɓa, babba yana zuwa. A juya yatsa a sama, an kusa tashi. A rufe kunne da tafi a sauke hannun ƙasa, kunnen wane ya mutu. Amma akwai guda ɗaya da Baba ya nuna mana sau ɗaya tak, ya kuma ja mana kunne a kanta. A ɗaga hannu biyu sama da kai, a haɗa manuniya da manuniya, a fizge su. Sunanta "zare ya tsinke", amma ba don zare ake yin ta ba. Sai inji ya kama rigar mutum, ko wani ya yanke jiki ya faɗi. Duk wanda ya gan ta shi ma ya ɗaga, na gaba ya ɗaga, har ta kai ga mai kashe wuta, zauren gaba ɗaya ya tsaya. Baba yakan ce, "Ba a tambayar wa ya ɗaga, ba a tambayar me ya faru. A tsaya tukuna. Wanda kuma ya yi ta a banza, ya gama zama a cikin mutane."

Shi kuwa mai gurmin da nake son ba da labarinsa, asalinsa ɗan masaƙar ne, ya gudu da sauran kunnensa kafin inji ya ƙarasa cinye shi. Ana ce masa Ɗan Jiniya, saboda ranar Asabar jiniyar yamma tana yin kuka za ka same shi zaune a gindin darbejiyar bakin ƙofa yana ɗaure tsirkiya. Daga baya ya shahara, gidan rediyo suka ɗauke shi, kaset ɗinsa ya shiga kowace motar haya, manyan mutane suna aiko masa da mota. Duk da haka bai yar da gindin darbejiyar nan ba. Kuma akwai abin da ake yi a wurin da ban taɓa ganin an yi wa wani makaɗi ba. Waɗanda kunnensu ya mutu sai su yi layi, kowa in an zo kansa ya durƙusa ya ɗora tafinsa a kan ƙoƙon gurmin, shi kuma yana kaɗawa. Ba mai tsangwamar wani, ba mai daɗewa. Wata Asabar na tsaya jiran langa, Baba ya kamo hannuna ya shiga layin da ni. Da aka zo kanmu ya ɗora tafina a kan ƙoƙon, ya ɗora nasa a kan nawa. Abin da na ji kamar ka riƙe ɗan tsako a hannu, zuciyarsa tana bugawa, sai kuma ya bi ta gwiwar hannuna ya hau har haƙorana. Na ɗaga kai na ga Baba ya rufe ido yana murmushi. A hanyar gida ya ce mini, da ƙarfi irin na waɗanda ba sa jin muryarsu, "An ce kunne ya girmi kaka. To in ya mutu, hannu ne magajinsa."

Sai masaƙa ta rufe. Ba rana ɗaya ba, a hankali, kamar fitilar da mai ya ƙare mata. Baba bai daɗe ba bayan nan, Allah ya ji ƙansa. Ni kuma aure ya kai ni wajen Challawa, maigidana a kamfanin fata yake aiki. Can ma ana aiki, amma ba jiniya, kowa wayarsa ce ke tashinsa. Allah ya ba ni 'ya mace, ita ce 'yar fari. Matan yanzu sa'o'ina suna kiran 'ya'yansu na fari gatsau, har su rungume su a tsakar gida, ba na ganin laifinsu. Amma ni a hannun Inna na tashi, wadda har ta koma ga Allah ban ji sunan yayana a bakinta ba. Haka ni ma na bi. "Ke." "Yarinyar nan." In maƙwabta suka tambaya in ce "waccan". Ubanta da malaman Islamiyya su ne masu kiran sunanta. Tana shekarun famfara, a wata bazara mai zafi, sanƙarau ya kama ta. Allah ya tashi kafaɗarta, amma ciwon bai tafi hannu rabbana ba. Kunnen hagu ya rufe ruf. Na dama kuwa likita ya ce kamar ƙofar da aka sakaya ne, tana iya tsayawa haka, tana iya rufewa. Ni da nake kwana da ita na san rufewa take yi. Da tana jin kiran salla daga masallacin layi, sai ta koma sai na nuna mata. Ta daina magana a gaban baƙi, don muryarta ta fara fita da ƙarfi irin na Baba, yara suna yi mata dariya.

Ina cikin wannan na ji sanarwa a rediyo, wai tsofaffin ma'aikatan masaƙa za su yi taron zumunci a harabar tsohuwar masaƙarmu, kuma Ɗan Jiniya zai kaɗa, kaɗawar ƙarshe, don 'ya'yansa sun ce ya ajiye gurmi ya koma ƙauye ya huta. Muciya tana hannuna na tsaya. Kunnenta yana rufewa, shi kuma yana tafiya. In ban haɗa su ranar nan ba, shi ke nan har abada.

Da maigidan ya ci abinci na gaya masa.

"Taron kiɗa? Ke da yarinya, a cikin maza?"

"An ce akwai rumfar mata, Malam."

"Ba ga waƙoƙinsa nan a waya ba? Sai in sa a tura miki duka."

"Na gwada. Ta manna wayar a kunne, ta ce wai sauro ne ya shiga ciki. Ni ba ji kawai nake so ta yi ba. Taɓawa nake so ta yi."

Bai gane ba, na ga alama. Yarinyar tana zaune ta ba mu baya, tana jera murafan kwalba. Ya kira sunanta. Ba ta juyo ba. Ya sake kira da ƙarfi, har akuyar maƙwabta ta ɗaga kai. Ta ci gaba da jera murafanta. Ya daɗe yana kallon ƙeyarta, sannan ya ce, "Kada magariba ta yi muku a waje."

Ranar tun azahar na yi mata wanka. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɓata, don yaron da yake ji in ya ɓace a taro sai a yi ta kira, ita kuwa wa za ta ji? Sai na ɗauki tsohon kallabi na ɗaure wuyan hannunta da nawa. A haka muka shiga adaidaita. A Sharada wata babbar mota ta mutu a tsakiyar titi, muka tsaya cak, hayaƙi yana shigo mana, ni ina kallon rana tana sauka. Mai adaidaitan ya ce, "Hajiya, ki daina buga ƙafa, ba da ƙafarki take tafiya ba." Na ci gaba da bugawa.

Kafin mu isa Bompai an yi la'asar an daɗe. Harabar ta cika. Tsofaffin ma'aikata suna gaba a kan kujeru, layi bayan layi, samari sun kewaye su kowa ya ɗaga waya. Rumfar mata kuwa can baya aka kafa ta, gefen janareto. Na saɓa yarinyar a kafaɗa don ta hango. Ni kaina da ƙyar na gane shi. Mutumin da na sani ƙaƙƙarfa ya koma ɗan mitsitsi a cikin farar riga, kamar an rataye ta a jikin kujera. Yatsun dai suna nan yadda suke. Muryar ce ta yi ƙasa, kamar ruwan rijiya a ƙarshen rani, lasifikar kuma sai ƙaraurau take yi. Ina ta kallon fuskar yarinyar. Tana kallon bakin mutane, tana kallon tantabaru. Can ta sunkuyo ta ce, "Umma, ya fara?"

Ya daɗe da farawa.

Na sauke ta, na ja ta muka kutsa har inda aka ja igiya. Wani ƙato mai sanda ya tare mu.

"Hajiya, mata can baya."

"Don Allah, bawan Allah, gaba nake so in kai ta. Yarinya ce ba ta ji."

"To in ba ta ji, me ta zo yi wurin kiɗa?"

Na kusa da shi suka yi dariya. Na ce masa hannunta kawai za ta ɗora a kan gurmin, ya dube ni kamar mai taɓin hankali. Ba laifinsa ba ne, lokacin da ake layin taɓa gurmin nan bai san Bompai ba. Muna cikin haka sanƙira ya karɓi abin magana ya ce jama'a a yi haƙuri, jikin Ɗan Jiniya ya gaji, wannan da zai yi ita ce ta bankwana. Na hango wani mai shadda a tsaye bayan kujerar tsohon, makullin mota a hannu, ɗansa ne da gani.

Na waiwaya ina neman wanda na sani, ban ga kowa ba. Abin da na gani shi ne dakalin ɗakin maigadi, wanda nake zama a kai da langa ina jiran Baba. Yana nan, ya tsattsage. Wallahi ban san lokacin da tunanin alamar "zare ya tsinke" ya zo mini ba. Ni mace, ba ma'aikaciya ba, ba wanda inji ya kama, ba wanda ya faɗi. Muryar Baba tana kaina, wanda ya yi ta a banza ya gama zama a cikin mutane. Ga shi kuma hannu biyu take buƙata, dole sai na kwance kallabin, a tsakiyar wannan turmutsutsun. Na kwance shi. Na damƙa mata gefen hijabina a hannu, na matse yatsunta a kai, na zare mata ido. Na hau dakalin. Na ɗaga hannu biyu sama da kaina, na haɗa manuniya da manuniya, na fizge.

Ba abin da ya faru. Wasu samari suka zaci rawa nake yi, ɗaya har ya juyo da wayarsa. Wata mata a ƙasa ta ce, "Baiwar Allah, lafiya? Ko mutanen ɓoye ne?" Na sake yi. Na sake. Ina jin nauyin yarinyar a hijabina, shi kaɗai nake saurare da jikina. Sai wani tsoho a layin ƙarshe ya juyo zai duba rana. Idonsa ya sauka a kaina. Na ga fuskarsa ta canja. Ya miƙe da saurin da bai dace da shekarunsa ba, hularsa ta faɗi bai bi ta kanta ba, ya ɗaga hannu ya fizge. Na gefensa ya gani ya ɗaga. Na gabansu ya ɗaga. Haka ta riƙa tafiya layi bayan layi, hannaye masu rawa, wasu ba su da cikakkun yatsu, ba wanda ya waiwayo ya tambaya. Da ta kai gaba, Ɗan Jiniya ya kifa tafinsa a kan tsirkiya a tsakiyar baiti. Wani tsoho ya je ya kashe janareto.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. A cikinsa muryar tsohon ta iso har inda nake ba lasifika. "Wa ya faɗi?"

Kawuna suka riƙa juyowa, suna bin hanyar da alamar ta bi, har suka tsaya a kaina. Na sauko daga dakalin. Tsohon da hularsa ta faɗi ya tako har gabana, yana magana da ƙarfi.

"Ke 'yar wa ce? Wa ya koya miki wannan?"

Na juya inda haske yake, na buɗe baki sosai yadda Inna take yi. "'Yar marigayi Malam Isiyaku Dogo ce, Baba."

"Isiyaku? Ni ne Haladu, injina yana jikin nasa. Bai gaya miki ba a wasa da ita ba?"

Sai na jawo yarinyar gabana. Na rufe kunnenta na hagu da tafina na sauke hannun ƙasa. Na rufe na dama, na sauke shi rabi. Sannan na buɗe tafinta na kifa shi a iska, na nuna masa gurmin. Baba Haladu ya dube ta, ya dube ni. Ya juya ga ƙaton mai sanda ya ce, "Kai, ɗage igiyar nan."

Muka ratsa tsakiyar maza, na ja hijabi har hanci, ƙasa kawai nake kallo. Da muka isa, mai shaddar ya sunkuya ya ce, "Baba, kun gaji fa, ga magariba tana matsowa." Tsohon bai ko kalle shi ba, ya ce, "Tsaya, an ɗaga hannu." Baba Haladu ya yi masa bayani da yatsu, ya gyaɗa kai. Na durƙusa na gaishe shi. Kusa da shi sai na ji ƙirjinsa yana ƙugi. Yarinyar kuwa tsoro ya kama ta, ta cusa fuskarta a cikin hijabina.

"Yaya sunanta?" in ji shi.

Na duba hagu da dama, ba wanda ya san ta a wurin sai ni. Ita ba ta ji tambayar ba, ko ta ji ma ba za ta yi magana a gaban baƙi ba.

"Baba, ku yi haƙuri, 'yar fari ce."

Tsofaffin suka yi 'yar dariya, wani ya ce, "Ashe da sauran masu kunya a garin nan." Shi ma ya murmusa.

"Madalla da wadda ta rene ki. Amma 'yata, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni ban iya waƙar 'ke yarinya' ba. Numfashin kuma da kike gani, kaɗan ya rage."

Na faɗa, can ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga murya, ni ma masaƙa ta ci rabin nawa."

Na rufe ido. A gaban abokan Baba, a gaban samari da wayoyinsu, na ce, "Sa'adatu."

Ya miƙo hannu ya kamo nata a hankali, ya ɗora tafinta a kan ƙoƙon. Ya ce in juyo da kunnenta na dama in kwantar a ƙirjinsa. Ba a tayar da janareto ba, ba wanda ya nema. Ya taɓa tsirkiya, na ga kafaɗarta ta zabura. Sai ya ɗauko, da 'yar muryar da ta rage masa:

Sa'adatu jikar Isiyaku,
Zaren da ya tsinke mun ƙulla,
Taɓa ki ji, 'yar masu auduga.

Ya maimaita, ya sake maimaitawa, yana jan sunan yana lanƙwasa shi. Idonta ya buɗe. Ta ɗago kai ta dube shi, ta mayar da kunnen da sauri. Can sai ta juyo gare ni, ta faɗa da muryar nan tata mai ƙarfi har bayan rumfa aka ji, "Umma! Ni yake kira!"

Ba wanda ya yi dariya. Da na waiwaya sai na ga tsofaffin sun tashi daga kujerunsu sun yi layi a bayanmu, Baba Haladu a gaba, yana goge tafinsa a jikin riga.

Magariba a Sharada ta riske mu. Na san zan sha faɗa, kuma na sha. A cikin adaidaitan tana zaune a cinyata, ta dunƙule hannun da ta taɓa gurmin, ta ƙi buɗe shi. Sai ta juyo ta kama haɓata ta karkato da fuskata wajen fitilar titi, don ta ga bakina.

"Umma, wa ya gaya masa sunana?"

Na nuna ƙirjina.

Ta zuba mini ido. Sannan ta ce, "Ashe kin san shi?"

Mai adaidaitan yana jin mu, akwai kuma wata dattijuwa a gefena. Ban damu ba. Na buɗe dunƙulallen hannun nan yatsa bayan yatsa, na ɗora tafin a kan maƙogwarona, na danne shi da nawa yadda Baba ya yi mini. Na kira ta.

Kafin damina ta kewayo ƙofar da aka sakaya ta ƙarasa rufewa. Tsohon ma an ce yana ƙauye, gurmin yana rataye a bango. Amma kullum da safe kafin ta tafi makaranta sai ta zo inda nake hura wuta, ba ta cewa komai, ta ɗora tafinta a wuyana ta jira.